Baƙin Man da Ya Riƙa Ƙaruwa a Motar Baba

Shekarun baya, lokacin da ciwon suga ya gama cin idon mahaifina har ya koma gane mutane da murya, ya sa aka kira ni da yayana zauren gidanmu a Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi. Muka zauna a gefen tabarmarsa. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin mota, ya ce in miƙo hannu.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas. Fara ce a da, amma rana da jar ƙasa sun mayar da ita kalar shayi mai madara. Da ita aka ciyar da mu. Bulo da yashi da siminti take kaiwa Tirwun inda ake ta sababbin gine-gine, idan kaka ta yi kuma ta kwaso masarar mutane da tamu. Tun ina firamare ƙarar tashinta ce take gaya mini lokacin wanka ya yi.

Yayana bai iya yin shiru ba. Ya ce, "Baba, wannan za ka ba wa? Wannan da ko akuya aka ba shi kiwo sai ya zauna yana rubuta mata wasiƙa? A nemi direba mai hankali kawai."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Kai kana da aikinka na ofis. Shi kuwa ban da karatun littattafan ƙannensa ba ya komai, na sani. Amma yaron nan in ya so abu, da gaske yake son sa. In ya so ta, zai riƙe ta."

Yayana bai yi mini ƙazafi ba. Na gama sakandare, na yi difloma, na dawo gida na kwanta da littattafan soyayya. Na ƙannena mata nake fara sacewa, da suka ƙare na koma karɓar haya a wurin wani mai tebur a kasuwa. Na haddace yadda saurayi yake isowa ƙofar gidan budurwa, gilashin mota ya sauka a hankali, ƙamshin turare ya riga shi fitowa. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, a duk littattafan nan babu shafi ɗaya da jarumi ya buɗe gaban mota, balle ya kwanta a ƙarƙashinta da sifana a hannu.

Ranar da ya ba ni makullin, Baba ya sa na riƙe hannunsa muka fita wurin motar. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya daɗe da mutuwa, don haka shi da Juma'a yake lissafi. Duk Juma'a shida a yi mata juye: a kwance ƙasan inji tun man yana da zafi, a bar tsohon baƙin mai ya tsiyaye tas, a canza filta, a zuba sabo. Sau biyu a shekara kuma, kafin damina da kafin kaka, a kwance nozul guda huɗu, wato ƙarafunan nan da suke fesa gas cikin inji, a kai wa wani abokinsa ɗan kabilar Ibo ya gwada su. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne na kowace safiya. Ya zaro sandar awon mai da kansa, ya shafo man da yatsa biyu, ya murza, ya kai hanci.

Ya ce, "Kada ka tsaya ga kallo. Ido inda man ya tsaya kawai yake gaya maka. Ka taɓa, ka shinshina. Ni yanzu ba ni da ido, amma na fi ka sanin abin da ke cikin injin nan."

Wata huɗu na farko na yi abin kirki, ba zan ɓoye wannan ba. Ina tashi da wuri, ina murza mai, ina shinshinawa ko da ban san abin da nake nema ba. Na yi juye sau biyu da hannuna, Baba yana zaune a kan benci yana gaya mini inda zan sa sifana. Har yayana ya fara cewa ashe akuyar za ta rayu.

Sai aka ba ni aikin kai kwalayen kayan masarufi wani shago kusa da barikin Shadawanka. Matar wani soja ce mai shagon. Ina sauke kaya 'yarta ta fito da ruwa a kofi ta miƙo mini, ta ce sannu da aiki. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ni da na karanta irin wannan haɗuwa sau ɗari, kafin in kai gida na riga na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Daga nan kusan kullum da la'asar ina Shadawanka. Uwarta ta gane akwai mota a hannu, ta riƙa samo mini abin ɗauka: yau buhun gawayi, gobe firij da za a kai gyara. Ni kuwa murna nake, ina ganin an karɓe ni a gida. Motar ma ta ga canji. Ina wanke ta safe da yamma. Na shimfiɗa mata wani abu mai gashi-gashi a gaba, na sa ƙananan labule, na rataya turare a madubi, na kai ta wurin mai fenti ya zana mini fure a ƙofar baya. Baba ya ce in so ta, to ga shi ina son ta. Haka na fassara maganarsa.

Wata rana na miƙa wa yarinyar wasiƙa, ta karɓa, ta kai takardar hanci ta yi dariya. Ta ce, "Kai, har wasiƙarka warin gareji take. Dubi farcenka." Da wasa ta faɗa, na tabbata kafin magariba ta manta. Ni ban manta ba. Na je gida na zauna da omo da tsinken tsintsiya ina sakace ƙarƙashin farce. Daga washegari na koma zaro sandar awon mai da tsumma, in kalla daga nesa, in mayar.

A nan ne abin mamakin ya fara. Tsohuwar mota takan ɗan sha mai, tun zamanin Baba akan yi mata ciko kaɗan tsakanin juye da juye. Sai na ga mako biyu sun wuce man bai sauka daga layinsa ba. Mako na uku ya ɗan haura layin. Na goge sandar na sake tsomawa, ya haura ɗin dai. Bayan wani makon ya ƙara haurawa.

Ku da kuka san mota na san kun riga kun dafe kai. Ni kuwa tsayawa na yi a gaban inji ina murna. Na ce wannan albarka ce. Albarkar uba ce ta bi motar, ko kuma ƙafar yarinyar nan ce mai alheri. Wallahi har a wasiƙa na rubuta mata cewa tun da na san ta, komai nawa ƙaruwa yake, har man motata. Na ɗauki wannan layin a matsayin mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa. Da Juma'a ta shida ta zo, na ce man da yake ƙaruwa da kansa me za a juye a cikinsa? Na bar shi. Ta goma sha biyu ma ta zo ta wuce.

Motar ta fara wuyar tashi da safe. In ta tashi sai ta yi ta karkarwa, tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Wata safiya ina ba ta wuta na ji muryar Baba daga zaure.

"Kai, kashe ta ka zo."

Na je na durƙusa.

Ya ce, "Motar nan ɗingishi take. Ɗaya daga cikin huɗun nan ba ya ƙona gas daidai, ina jin sa tun shekaranjiya. Kaka ma ta kusa. Ka kai nozul wurin abokina."

Na ce to, zan kai.

Aikin nozul yana cin yini guda, wani lokaci har mota ta kwana a can. Yini guda ba Shadawanka ke nan, ga uwar yarinyar ta riga ta ce akwai katifa da za a ɗauko. Na ce gobe. Goben ta zama mako. Da Baba ya sake tambaya, bakina ya riga tunanina.

Na ce, "Na kai, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ce lafiyarsu ƙalau. Wai tsufa ne kawai."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ce, "Shi ya ce tsufa ne?"

Na ce, "Shi ya faɗa."

Ya ce, "To."

Abin da na yi bayan wannan shi ne wanda har yau nake jin nauyin rubutawa. Tun da kunnensa ne yake tona ni, sai na daina kwana da motar a ƙofar gida. Na koma ajiye ta can bakin titi kusa da wani mai faci, inda ƙararta ba za ta kai zaure ba. Na ce wa Baba lungun ne ya yi matsi saboda wani maƙwabci ya zube yashi. Mutumin da ido ya ƙare masa, saura kunne, na bi na raba shi da abin da kunnen yake saurare. Kuma a lokacin ban ji na yi wani babban abu ba. Dabara na ɗauke ta.

Ranar wata Asabar cikin kaka muka je Tirwun kwaso masarar gonarmu, ni da yayana. Aka loda buhuna har sama. Da hantsi muka kamo hanyar gari. Ba mu yi nisa ba na fara jin wani ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Yayana ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce haka take yi in ta ɗauki kaya. Na ƙara taka ta don mu kai gida kafin ya sake tambaya. Ƙarar ta ƙaru, ta ƙaru, sai wani bugu guda ɗaya da ya girgiza kujerar da muke kai. Motar ta yi shiru ta gangara gefen hanya.

Muka fito. Mai yana zuba a ƙasa, amma ba irin zubar da na sani ba. Baƙin mai yana da kauri, a hankali yake tafiya. Wannan gudu yake a kan kwalta kamar ruwan wanki. Yayana ya kalle shi, ya kalle ni. Ya tafi neman motar da za ta kwashe masarar, da wadda za ta ja mu.

Wurin abokin Baba aka ja ta. Dattijo ne mai furfura, ya fi shekara talatin a Bauchi, yana jin Hausa sarai amma a bakinsa mota namiji ce. Ya leƙa ƙasa ya ga inda ƙarfe ya faso jikin injin ya fito, ya girgiza kai. Duk da haka ya kwance nozul ɗin huɗu, ya ce in biyo shi cikin shago. Yana da wani ɗan famfo na hannu a kan tebur. Ya ɗaura na farko ya danna, gas ya fito da ƙara, feshi laushi kamar na turare. Na biyu haka, na uku haka. Da ya ɗaura na huɗu, babu feshi. Gas ya riƙa tsiyaya yana ɗiga a tebur.

Ya ce, "Ka gani, ɗan Malam? Wannan ba ya feshi, fitsari yake. Gas ba ya ƙonewa, yana bin gefe yana sauka cikin baƙin mai. Mai ya zama ruwa, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ba ka ga mai yana hawa a sanda ba?"

Na ce na gani.

"Ka gani! To ka ce mene ne?"

Ban iya gaya masa na ce albarka ce ba.

Ya ɗago nozul ɗin ya nuna mini ɗan bakinsa, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce, "Wannan kawai zan canza, ka yi juye, shi ke nan. Mota zai ƙara shekara goma. Ko sau ɗaya ka taɓa man nan da hannu, hancinka zai gaya maka." Ya goge hannunsa da tsumma, sannan ya kalle ni sosai. "Kuma yaushe ka zo nan na ce maka tsufa ne?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Babanka ya kira ni a waya ranar da ka gaya masa haka. Na ce ban ga yaronka ba. Na ce, Malam, bari in zo da kaina in kwance. Ya ce a'a, ka bar shi, kunya ce ta sa ya faɗi haka, zai kawo da kansa. Duk Litinin yana kira: ya zo? In ce bai zo ba. Ya ce yaron zai zo. Litinin biyar." Ya juya ya ci gaba da tattara ƙarafunansa. "Ga shi ka zo."

Ashe duk kwanakin da nake tafiya bakin titi da sassafe ina ganin na yi wayo, Baba yana zaure ya san komai, yana jira in gyara da kaina. Da ya so ceton motar, waya ɗaya ta isa. Ya bar ta a hannuna ne don yana ganin akwai abin da ya fi ta muhimmanci da za a ceto, kuma ya yi zaton zan ankara kafin lokaci ya ƙure.

Da muka koma gida yayana ya fara, murya har waje. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi ƙarya, na kashe motar. Ka yafe mini." Ina kuka, kuma ko a cikin kukan akwai wani ɓangare na zuciyata da yake jiran abin da littafi ya saba kawowa a irin wannan wuri: uba ya yi faɗa, ya yi hawaye, ya jawo ɗansa jikinsa, a buɗe sabon babi.

Baba ya ce, "Na yafe maka. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sannan ya juya wajen yayana ya ce, "An sauke masarar? A shigar da ita kafin kaji su fasa buhu."

Injin bai gyaru ba, irinsa kuma ya yi wuyar samu. Bayan wata biyu yayana ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yanka ta a can garejin. Yarinyar kuwa, aka yi wa babanta canjin wurin aiki suka bar Bauchi kafin azumi. Ba ta yi mini laifin komai ba. Daga baya ma na ji ta taɓa gaya wa ƙanwata cewa ita motar kunya take ba ta in na faka a ƙofar shagonsu.

Baba ya ƙara shekara biyu a duniya bayan haka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka, yana tambaya ko na ci abinci. Abu ɗaya ne ya canza: bai sake aikena ba. Ko goro, ko magani, ko kiran wani daga masallaci. Sai in zo in tsaya in ce, "Baba, zan shiga kasuwa, akwai abin da za a sayo?" Ya ce, "Babu komai, Allah ya yi albarka." Ina kaiwa ƙofa in ji yana kiran ƙanwata ta je ta karɓo masa maganin suga. Da farko na ɗauka horo ne da zai ƙare. Ba horo ba ne. Bai yi don in ji zafi ba, da ma hakan ne da ya fi mini sauƙi. Kawai in buƙata ta taso masa, sunana ya daina zuwa bakinsa.

A ciwonsa na ƙarshe muna kwana da shi a asibiti bi da bi. Wata rana da azahar ni kaɗai ne a ɗakin. Ya farka, ya motsa hannu, ya ce, "Wa ke nan? Zo, akwai abin da nake so a yi mini."

Na matso da sauri na ce, "Ni ne, Baba. Faɗa mini."

 Na ga leɓensa ya motsa ya tsaya. Can ya ce, "To. Bari dai yayanka ya zo."

Yayana bai iso ba sai bayan la'asar, ya tarar Baba ya koma barci. Daga wannan barcin bai sake magana mai ma'ana ba har Allah ya karɓi abinsa bayan kwana biyu.

Yanzu ina da iyali, ina da aikin yi, ina da 'yar motata ta fetur da ba ta taɓa wuce ranar juye ba. Mutane in na ba su labarin nan sukan ce ai ya yafe, in daina damun kaina. Na san ya yafe, da kunnena na ji. Amma yafewa abu ne da ya iya ba ni da baki a rana ɗaya. Yarda kuwa ba shi da iko a kanta, ta zube ne a hankali cikin Litinin biyar ɗin nan, ni kuma ina can ina gyara labule. Ban ƙi littattafan da na karanta ba, har gobe nakan ɗauka. Sai dai sun koya mini cewa so shi ne abin da kake ji a ƙirji, ni kuma na ji shi sosai, ga motar, ga Baba, ga kowa. Babu abin da jin ya hana.

Na tambayi yayana, na tambayi mahaifiyata, na tambayi ƙannena ko akwai wanda Baba ya taɓa yi wa zancen wani abu da yake so a yi a kwanakin nan. Babu wanda ya sani. Wataƙila saƙo ne ga wani, wataƙila filo kawai yake so a gyara masa. Ina tsaye a gefensa, hannuna biyu babu komai, kuma har yau ban san mene ne ba.